Salsalar da Na Rubuta wa Ramatu

A wannan watan Ramatu ta cika shekara biyar a ƙasa. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta can Junju inda aka haife ta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan soya masa in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Shi ya sa na roƙi masu wannan jarida su ba ni fili, kuma gara in faɗa tun daga farko don kada wani ya kai ƙarshe ya ce na yaudare shi: ba yabon mamaciya kaɗai ya kawo ni ba. Akwai laifin da zan amsa a gaban jama'a, akwai kuma taimakon da nake nema ido rufe.

Sunana Mariyama. Malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a nan Gaya, jikar masunta, kuma ban taɓa rubuta abin da ya wuce darasin yara da takardar neman hutu ba. Da Ramatu mun haɗu ne a lise, wato sakandare, ta Doso, a ɗakin kwanan ƴan mata, gadonta a saman nawa. Ƴar siririya ce, ga tambayar tsiya. Malami bai isa ya ce “haka abin yake” ya wuce ba, sai ta ɗaga hannu ta ce wa ya faɗa, kuma a ina ya rubuta. Mu muka sha dariya, malamai suka sha haushi. Da hutu takan biyo ni Gaya wai don ta ga kogi, alhali in aka ce ta shiga kwalekwale sai ta ƙanƙame ni kamar za a yanka ta. Kifin Inna ne ke kawo ta, kowa ya sani. Inna kuwa ta ɗauke ta ƴa, har takan ce Allah ya ba ta ni don ya gwada haƙurinta, ya ba ta Ramatu don ya saka mata.

Bayan lise ni na tsaya, ita ta wuce Yamai, daga nan ƙasar waje, ta yi shekaru. Da ta dawo, mutanen unguwarmu suka ji an ce dokta ce, suka yi ta sallama da ciwon baya da na ciki, tana ba su haƙuri. Ba ta allura, ba ta duba mara lafiya. Aikinta da ƙwayoyin gado ne, ƙananan abubuwan nan da mutum ke karɓowa a jininsa daga iyaye, waɗanda ke sa ɗa ya ɗauko hancin ubansa ko ciwon kakarsa. Ta ce mini suna da yawan gaske, kuma da dama daga cikinsu har yau ba wanda ya san aikin da suke yi a jiki. Masu bincike na duniya kuma sun rubuta takardun da mutum ɗaya ba zai karance su ba ko zai shekara dubu. Sai ta haɗa wani tsari a cikin ordinatarta, wato kwamfuta, wanda ke karanta takardun a madadinta, yana lura da wace ƙwaya ake yawan ambata kusa da wace, kuma kusa da wane ciwo, daga nan ya yi hasashen aikin wadda ba a sani ba. Da na ce ban gane ba sai ta ce, “Ke, in baƙo ya sauka Gaya ba ki san sana'arsa ba, amma kullum kika ji sunansa sai tare da na masu banda da masu saƙar koma, me za ki ce?” Na ce da kifi yake harka. Ta ce to na gama gane aikinta, sai dai ita kasuwarta ta takarda ce.

Mu kuma a gidanmu akwai wani ciwo da ba mu da suna gare shi, “na gida” kawai muke ce masa. Da kunne yake farawa, yawanci mutum na tsakanin sha biyar da ashirin da ƴan kai. Da farko kukan tsuntsu ya ɓace, sannan maganar mutane ta koma kamar daga ƙetaren kogi ake yin ta, a ƙarshe shiru. Wasu ya tsaya musu nan, wasu bayan shekaru ya sauka ƙafafu. Kakata Hawwa da shi ta rasu. Ɗanta Baba Isufu, mijin Inna, tun ina ƙarama sai an yi masa ihu yake ji. Tsofaffi na cewa wani kakanmu ne ya saɓa alkawari da mutanen ruwa. An yi yanka, an sha rubutu, an je gidan likita an dawo da maganin ɗigawa a kunne. Ramatu ta san duk wannan, domin a gabanta ƙanena Hamidu ya fara juya kai yana neman inda magana ke fitowa. Wata rana ta zo hutu ta tarar da ƴata Nafisa, lokacin tana shekara goma, tana rera karatu a tsakar gida. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce mini kafin yarinyar nan ta kai shekarun, in Allah ya yarda, sai ta san sunan abin da ke cin gidanmu.

Ba ta faɗa don daɗin baki ba. Ta zo da mai ɗibar jini, ta zauna da dangi ɗaya bayan ɗaya tana yi musu bayani da Hausa da ɗan Dandanci, yaren bakin koginmu, da ta koya a bakin Inna, wanda ya yarda aka ɗiba. Ita da kanta ta rungumi akwatin ƙanƙara ta haye gada zuwa Malanbil, ta kai wani ɗakin bincike a cikin Benin. Bayan watanni sakamako ya dawo, jerin ƙwayoyi ɗaruruwa waɗanda namu suka ɗan bambanta da na sauran mutane. Ta ce sun yi yawa, sai an tankaɗe su tukuna kafin a ba injin, wato tsarin nan nata, ya karanta a kansu, kuma rariyar ita ce salsalar gida: wa ya haifi wa, wa ya kamu, wa ya tsira. Ƙwayar da ba ta bi hanyar da ciwon ya bi ba, a ajiye ta gefe. Ta miƙo mini babbar takarda, ta nuna mini yadda ake zana mace da ɗan kewaye, namiji da ɗan akwati, a ja layi zuwa ƴaƴansu. Ta ce wannan aikina ne tun da gidanmu ne, kuma rubutuna ya fi nata kyau. Ta koma Yamai.

Yanzu sai in faɗi abin da Ramatu ba ta sani ba, ko da yake ta ci abincin gidanmu shekara ashirin. Inna ba ta taɓa haihuwa ba. Daga Yelu Baba Isufu ya auro ta, ba jininmu ba ce. Mu huɗu da muka tashi a ɗakinta, ni da Hamidu da Zali da Bubakar, ƴaƴan ƙannen Baba ne mata guda biyu. A wajenmu idan ɗan'uwa bai samu haihuwa ba, ba a barin gidansa ya yi shiru. Ana yaye yaro sai a kai masa, kuma daga ranar ba mai sake ɗaga maganar. Salamatu wadda ta haife ni da Hamidu a Malanbil take aure, Yaya nake ce mata har ta koma ga Allah. Baba kawuna ne, amma ban taɓa kiransa kawu ba. Inna kuwa har kunyar ɗan fari ta yi mini, ba ta taɓa kama sunana ba, “ke wannan” take ce mini. Ba ɓoye wa Ramatu aka yi ba. Magana ce da ba ta tasowa, don ba wanda ke jin ta a matsayin magana.

Wata Lahadi da hantsi na shimfiɗa takardar a tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Inna na gefe tana fere kifi. Ba ta karatu, amma ita ta san kowa, sai ina tambaya tana ba ni, in na zana ta ce in karanta ta ji. Muka yi Hawwa, muka yi ƴan'uwan Hawwa, muka sauko kan ƴaƴanta. Na zana akwatin Baba. Sai na ji wuƙa ta daina motsi a cikin kwano. Inna ta ce, “To, mu fa? Karanta in ji.” Na ɗaga kai na dube ta, matar da ta goya ni da zanenta, ta kwana kaina da ƙyanda, ta sayar da tasoshin aurenta ta saya mini akwatin zuwa Doso. Ta yaya zan karanta mata cewa ƙarƙashin sunanta babu kowa? Na zana kewayenta kusa da akwatin Baba, na ja layi huɗu, na rubuta sunayenmu, na karanta mata. Ta ce madalla, ta ci gaba da kifinta.

Ban ji na yi ƙarya ba, wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna. Na ce a raina ai duk jinin Hawwa ne, ko ta ɗa ya biyo ko ta ƴa, kawu da uwa ciki ɗaya suka fito, mene ne bambancin? Ni da nake jan jar alƙalami a littafin yaro don ya manta ɗigo, na naɗe takardar nan na aika Yamai raina fes. Ramatu ta buga waya tana yabon tsabtar aikin.

Shekara biyu ta yi a kan takardata. Da yake takardar ta nuna Baba ya ba Hamidu da Zali ciwon, su biyun da suka kamu a cikinmu, sai ta ajiye duk ƙwayoyin da uba ba ya iya bayarwa, ta sa injin ya yi ta karatu a kan sauran. Ni ban san haka take yi ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne in ta kira ni takan yi ƙorafi tana dariya, wai injin nata ya fi jaki taurin kai, ta nuna masa gabas ya yi ta jan ta yamma. Ta sake masa kalmomi, ta ƙara masa takardu, ta rushe wani sashe ta sake ginawa, don ta ɗauka shi ne ke kuskure. Ni ma in taya ta dariya in ce ai ɗa ya gaji uwarsa.

Zuwanta na ƙarshe bayan ƙaramar Salla ne. Ta rame, na yi mata magana ta ce aiki ne. Muka zauna a tabarma da la'asar, ordinatar a cinyarta, Inna ta kawo dambun kopto, wato na zogale, da soyayyen kifi ta zauna kusa tana kore mana ƙuda. A nan Ramatu ta yi mini bayanin taurin kan injin. Ta ce a cikin jikin mutum akwai wasu ƴan ƙananan murahu da ke ba shi ƙarfi, su ma da nasu ƙwayoyin gadon, kuma waɗannan ta wajen uwa kaɗai ake samunsu. Namiji ko yana da ciwon, a kansa yake tsayawa, ba ya ba ɗansa. Ta ce duk lokacin da ta ba injin alamun ciwonmu, kurumta da raunin ƙafa da saurin gajiya, sai ya karanta ya dawo ya nuna mata wajen murahun nan. “Da ta nan ne da na ji daɗi,” in ji ta, “don akwai alluran da aka san suna gaggauta kurumta ga masu irin wannan gadon, ko ba mu samu magani ba sai a kiyaye su. Amma ga Baba ya ba Hamidu da Zali. Takardarki ta rufe wannan ƙofar.” Sai ta ɗago ta dube ni. “Mariyama, kin tabbata ba ki tsallake kowa ba?”

A wannan lokacin na gane komai, tun daga farko har ƙarshe. Ciwon bai taɓa bi ta namiji ba. Daga Hawwa zuwa ƴaƴanta mata, daga su zuwa mu, daga ni kuma zuwa nawa. Injin gaskiya yake faɗa shekara biyu. Ga Inna a gefena da mafici a hannu. Ga Ramatu da idanunta da suka faɗa saboda aikin da ni na ɓata. Na buɗe baki na ce, “Na tabbata.”

Na ce zan faɗa mata a tasha. A tasha mutane sun yi yawa, mota ta cika da wuri. Na ce zan kira ta a waya, sai na ga ba maganar waya ba ce. Na ce to bari ta zo babbar Salla mu shiga ɗaki mu biyu. Ashe ciwon hanta take ɓoyewa. Kafin babbar Salla aka kwantar da ita a Yamai, da na isa ta riga ta daina gane mutane. Na riƙe hannunta na faɗa mata duka a kunne, amma wannan ba faɗa ba ne, na san haka. Ta rasu tana zaton aikinta ne bai yi kyau ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Gaya ta yau. Ban zo yin siyasa ba, kuma a zamanin soja malamar lakwal ta san iyakar bakinta. Abin da ido ya gani kawai zan faɗa. Gadar da ta hau da akwatin jininmu a rufe take. Manyan motocin da ke hana mu barcin rana sun yi shiru, masu abincin bakin duwan, wato ofishin kwastan, sun kwashe tukwanensu, duk mai son ƙetarawa sai ya sauka bakin ruwa ya nemi mai jirgi. Ƴan'uwana masunta sun koma masu fito. Da tana nan da ita ma ta shiga kwalekwalen da take tsoro, ta rufe ido tana salati, ta rungume akwatinta, don ba ta san a bar aiki ba. Baƙin ƙasar waje da suke taya ta aikin sun tattara sun tafi. Wuta in ta zo ba ta sallama, in za ta tafi ma haka. Yara kuma sun samu wani abu a waya da suke yi wa tambaya yana ba su amsa kamar mutum, suna ta mamaki. Ita da dariya za ta yi, ta ce ai ta riga su, sannan ta tambayi abin a ina ya karanta. Ni dai na gwada tambayarsa ciwon gidanmu. Ba wanda ya taɓa rubuta mu, saboda haka bai san mu ba.

Nafisa yanzu shekararta sha bakwai. Daminar bara ta yi zazzaɓi mai tsanani da ciwon ƙirji, aka kwantar da ita, aka yi mata allurai kwanaki, Allah ya tashe ta. Bayan wata biyu ina kiranta daga madafa ba ta amsa ba. Na ce raini ne na ƴan matan zamani. Rana ta biyu na ga ta juya kai tana neman inda magana ke fitowa, irin juyin Hamidu sak, sai ludayi ya faɗi daga hannuna. Ban zargi wanda ya yi mata allura ba, ranta ya ceta, kuma ba wanda ya gargaɗe shi. Ban ma san ko allurar ce ba, ko kuwa lokacin ne ya yi. Rashin sanin nan shi ke ci na. Ranar da Ramatu ta ambaci alluran ban tambaye ta sunansu ba, don tambayar za ta tona ni. Kuma Nafisa tana da ƙanne biyu waɗanda har yanzu suna jin faɗuwar tsinke. Duk ranar da jikin ɗayansu ya yi zafi, ni ce nake fin shi rawar ɗari.

Ordinatar tana hannuna. Ranar sadakar arba'in mahaifiyar Ramatu ta miƙo mini ita a naɗe cikin ɗankwali, ta ce marigayiya ta ce na gidanku ne a ciki. In akwai wuta tana buɗewa. Ina ganin jerin ƙwayoyin, ina ganin inda ta tara waɗanda ta ajiye gefe, domin Ramatu ba ta zubar da komai, amma ni da su kallon juna kawai muke yi. Na kai ta wurin masu gyaran waya a kasuwa, wani ya ce zai wanke mini ita tas ya zuba sabbin abubuwa, na fizge kayana kamar an taɓa mini ɗa. Na je wurin wani likita, mutumin kirki, ya saurare ni har ƙarshe alhali layi na jiransa. Ya ce ya san irin wannan a karatu, ya rubuta mini sunan alluran da yake zato, amma ya ce zato ne, sai an tabbatar da wace ƙwaya ce kafin ya san abin da zai hana da abin da zai bari ranar da rai ke hannun Allah. Na shiga jirgi na ƙetare, na hau mota har ɗakin binciken nan na Benin. Wanda ya yi aiki da ita ya bar wurin, waɗanda na tarar suka ce aikin an rufe shi, sakamakon kuma yana cikin injin da ke jakata. Na rubuta wa malamai uku a Yamai. Ɗaya ya amsa da ladabi cewa ba fanninsa ba ne.

Watan jiya na ga ba zan iya neman taimakon baƙi da takardar ƙarya ba, kuma ba zan gyara ta a bayan idon Inna ba. Baba ya daɗe da rasuwa, ita ta tsufa, ganinta ya ragu, amma kunnenta garau, tun da ba jininmu ba ce. Na same ta da safe tana jan carbi, na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga layi huɗun har zuwa Nafisa. Na shirya wa kuka, na shirya wa fushi. Sai ta ajiye carbin ta ce, “Ke wannan, tun kina yarinya ba ki da wayo. Ni na ce miki na haife ku? Duk Gaya wa bai san ban haihu ba? Na ga kina ta zana ƴan gida, ni kuwa bare ce daga Yelu, shi ne na ce ki karanta in ji ko kin sa ni a ciki. Ko a gefe kika sa ni ai ya ishe ni.”

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Shekara bakwai ina kare ta daga abin da bai taɓa damunta ba. Ita ce ma ta katse ni, ta ce in bar kukan banza in ɗauko wata takardar. Ta zauna ta jero mini haihuwar gidanmu kaf, hawa uku, har da ɓari, har da waɗanda ba su kai suna ba, domin ita ce ta yi wa yawancinsu wankan farko. Da muka gama na duba. Ba namiji ko ɗaya da ya ba ɗansa. Ta sa na zana kewayenta a gefe ba layi ko ɗaya, ta shafa wurin da yatsa ta ce ya yi.

To ga gaskiyar a rubuce, inda kowane inji da kowane mutum zai iya karantawa. Ni Mariyama, Salamatu ce ta haife ni, Hawwa ce ta haifi Salamatu. Inna ce ta raine ni, kuma ita ce uwata har gobe. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, a Yamai yake ko Sakkwato ko bayan teku, in ya san aikin karanta takardun bincike da inji don gano aikin ƙwayar gado, ko ya san wanda ya sani, don Allah don Annabi ya aiko da saƙo ta hannun masu jaridar nan. Ba sabon aiki nake nema ba. Ramatu ta gama gina komai. A mayar da ƙwayoyin da ta ajiye gefe, a ba injin sabuwar salsala, a bar shi ya je inda ya yi shekara biyu yana son zuwa. Zan kawo ordinatar da ƙafata duk inda aka ce, ta ruwa ko ta tudu. Ina tsoron ranar da zan danna ta ƙi tashi, don ta fara zafi da wuri.

Me ya rage na Ramatu? Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar littafi ba, ba a sa sunanta a jikin gini ba. Mutanen Junju suna tuna yarinyar da ta yi karatu mai nisa, Inna tana tuna mai cin kan kifi har da idanu. Ni abin da ta bar mini ya fi waɗannan nauyi. Matar da ba ta taɓa yarda da maganar malami ba sai ta ga inda aka rubuta, ta yarda da tawa. Aikin hannunta ya ce abu kaza, ƙawarta ta ce a'a, sai ta zaɓi ƙawarta. Ina fata in an zo an duba a tarar injinta daidai ya faɗa, a rubuta haka da sunanta, ko da ni za a rubuta a matsayin wadda ta jawo jinkirin. Na cancanci hakan.

Saura mutum ɗaya da ya kamata ta ji kafin jarida ta fito. Nafisa mace ce, abin da ke jikinta zai bi ƴaƴanta, ba zan bari ta tsinci labarin a bakin ƴan ajinsu ba. Shekaranjiya bayan azahar na kira ta ɗaki na rufe ƙofa. Na zaunar da ita a bakin gado, na fara a hankali, yadda ake faɗin maganar gida. Ta zuba wa bakina ido, can ta ce, “Mama, ban ji ba.” Na ƙara murya. Ta matso da kunnen dama ta ce in sake. Haka na yi ta ɗagawa har na koma ihu, irin wanda muke yi wa Baba, ina jin matan maƙwabta sun tsayar da daka. Na faɗi layi huɗun, na faɗi tambayar da aka yi mini a tabarma da amsar da na bayar.

Da na gama ba ta yi kuka ba. Ta murza bakin mayafinta, sannan ta ce, da muryar nan mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, “Mama, da kin faɗa wa Tanti Ramatu, da yanzu ina ji?”

Na ce ban sani ba. Wannan kam ba sai da na ɗaga murya ba, a bakina ta karanta.